Naɗin Masu Rai

Ina zaman kashe wando a tashar jirgin ƙasa ta Ueno, a nan Japan, sai idona ya faɗa kan wata tsohuwa. Tana tsaye gaban hoton tallan fim, fim ɗin fatalwarmu ta Japan da Amurkawa suka sake yi da Turanci. 'Yar guntuwa ce, kai fari fat, takalma sun sha hanya. Jirgi biyu sun wuce ta. Yatsanta na kan gilashin hoton, tana ta jan wuyan farar rigar fatalwar kamar zai gyaru.

Na ce, "Kaka, kar ta cije ki! Baturiya ce fa, hoda aka labta mata."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ɗan nan, dubi rigar. Gefen hagu kan na dama suka naɗa mata, irin na masu rai. Gawa dama kan hagu ake yi mata, in ba haka ba, ba ta sanin ta mutu."

Na ɗauka mai wankan gawa ce, har na shirya wata tsokanar.

Ta ce, "Ni ma haka na naɗa wa 'yata Chizuru da ta rasu. Hannu ya saba. Sai da aka ƙone gawar na tuna. Shekara tara ke nan ban sa wa ƙofata sakata ba, kar ta dawo ta tarar a kulle."