Mai Lallashin Ciyawa

Ta tagar ɗakin gwaji na ofishin ruwa nake hango shi: dogo ne mai sanƙo, farar rigarsa ta yi masa kaɗan, tabarau ɗaya a hanci, wani a goshi. Mai gadi ya ce aikinsa kashe maganin ciyawar da ruwan sama ke wankowa daga gonaki zuwa madatsa. Yana ɗiga wani sinadari a kwalba, yana haska ta da shuɗiyar fitila, ruwan na ta kumfa har gubar ta wargaje.

Na'ura ta ce ruwa ya gyaru, amma shi bai yarda ba. Akwai wata ciyawa da yake reno a tsohon kofin shayi, ita ce alƙaliya. Ya zuba mata ruwan, ya durƙusa.

"Hajiya, ki rufa mini asiri, kada ki mutu," yake ce mata. "Allah ya ja kwananki."

Ina jin shi ɗan manomi ne, kuma tsohonsa bai san abin kunyar nan ba. Ina cikin dariya na tuna ruwan nan 'ya'yana za su sha gobe. Ban san lokacin da na ce amin ba.