Albasar Malam Maiwada

Shekara goma sha huɗu Malam Maiwada ya yi yana koyar da kemistiri a wata sakandare a Jega, kuma bai taɓa haɗa komai da komai ba sai a allo. Ɗakin gwaje-gwaje a kulle yake, makulli na aljihunsa. Ɗalibansa sun haddace cewa gishiri NaCl ne, ruwa H₂O. Wanda ya manta 'yar ƙaramar biyun nan ta ƙasa, bulala biyu.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ya ɗinka babbar riga, ya zauna jiran kiran ba shi muƙami daga Birnin Kebbi. Kira bai zo ba. Sai ya tuna mahaifinsu ya bar fadama a Kashin Zama, inda wansa Audu ke noman albasa.

Ya je ya same shi a fadamar. "Yaya, ka san abin da ke cikin buhun yuriyar nan?"

"Taki."

"Shekara talatin kana zuba abin da ba ka san sunansa ba!" Ya tsuguna ya rubuta masa sunan a ƙasa da tsinke. Audu ya duba, ya ce rubutun ya yi kyau.

A gaban yayarsu Gudiya aka yanke magana: a raba fadamar biyu bana, wanda albasarsa ta kai ruwan farko lafiya a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye ta, fadama duka tasa ce.

Da albasa ta fara yin kai, Audu ya daina sa taki. Da cira ta matso ya janye ruwa, ya bar ta ta bushe. Malam ya kira wannan jahilci. Littafi ya ce yuriya na sa tsiro girma, bai ce a daina ba. Ya yi ta zubawa, yana ban ruwa har ana gobe cira.

Albasar Malam kuwa ta girma. Har daga Aliero aka zo kallo, kowace kamar ƙwaryar fura. Audu ya matsa wuyan ɗaya, kauri ga taushi, ya goge hannu a riga.

"Madalla, Malam. Ta sha."

Mako uku da zubawa a rudu, masu wucewa suka fara toshe hanci. Aka yaye ciyawar saman rudun Malam, ruwa baƙi na tsiyaya ta ƙarƙashin kara. Ta Audu ƙanana, jajaye, ɓawonsu na ƙara in an taɓa.

"Malam," in ji Audu, "wanga wari, mi as sunanai ga boko?"

Malam Maiwada ya gyara hula. "H₂S," ya ce, har ya nuna 'yar biyun ta ƙasa da yatsa.

Amsar daidai ce. Gudiya ta ce wa Audu ya cire turakun da suka raba fadamar.