Hawan Ruwa a Kan Siminti

Muna sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da maƙwabcina da ya ce zai bi ni birni ya ga likitan ido. Sanyi kuwa irin wanda mutum zai tsaya gaban buta yana shawara da ita kafin ya yi alwala. Ku da ke bin rubutuna a shafin nan kun san ba ni da son tafiya. Aji huɗu na yi a firamare na ga ilimin ya ishe ni, na koma kwalekwale, kuma tun lokacin in na yi nisa da ruwa sai in ji kamar na manta wani abu a gida. Wannan karon aike ne ya fitar da ni. 'Yata ce ta aike ni, kuma duk wanda 'yarsa ta girma har ta zama uwar wani ya san aikenta ya fi na hakimi nauyi.

Ga yadda abin yake. Jikana Lawali, wanda ya tashi a gidana tun rasuwar ubansa, ya koyi wata sana'a da ban riƙe sunanta na gaskiya ba, ni dai hawan katako nake ce mata. Wani mai jirgin inji ne ya kawo ta madatsar ruwan garinmu. A ɗaure wa mutum ƙafafu a kan katako, a ba shi igiya mai mariƙi, jirgi ya fizge shi a guje, shi kuma ya miƙe tsaye a kan ruwa yana tsalle bisa kumfar da jirgin ya bari. Ni na yi shekara hamsin a ruwa ina roƙon Allah kada in kife, ga jikana yana neman kifewa da gangan, har ana tafa masa. Da sanyi ya shigo, mai jirgin ya janye jirginsa tudu. Ya ce ranar da zafi ya dawo zai gwada samarinsa biyar, har da Lawali, ya ɗauki biyu su tafi wani tafki a kudu su riƙa koya wa baƙi, aiki mai albashi. Shi ne su biyar ɗin suka tattara suka tafi Sakkwato, wai horon jiki.

Mu kuma a gida irin albasa ya isa dashe. Wanda ya taɓa noma ta ya san in iri ya isa ba ya jiran kowa, 'yan kwanaki aka ƙara masa sai ya wuce. Namiji mai ƙarfi a gidanmu kuwa Lawali ne kaɗai. Uwarsa ta tsaya bakin ƙofa da mayafi har hanci ta ce, "Baba, in ba ka taho da shi ba, kai ma zamna can ku yi ta tsalle tare."

Motar da muka samu ta mutum shida ce, don haka mu tara muka shiga, ban da buhunan tafarnuwa a baya. Kuɗin mota ya hau sama da yadda na san shi, direba ya ce mai ne, na ce ai ni ma man nake shafawa a gwiwa ban ƙara wa kowa kuɗi ba. Hanya wani wuri sumul, wani wuri sai ka riƙe haƙoranka. A kowane shinge jami'an tsaro su leƙo, su ga tsofaffi a takure, su ce Allah ya kiyaye. Abin da ya hana ni sakat shi ne fadamun da ke gefen titi. Ko'ina mutane a duƙe suna dashe, injin ban ruwa na ta kuka, fangali bayan fangali ya yi kore. Kowace gona muka wuce sai in ga ta riga tamu. A Achida muka tsaya aka sha kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai tuya ko shi ma horon jiki yake yi. Ban iya zama na sha ba, a tsaye na kurɓe ina yi wa direba alama da hannu.

Da hantsi muka shiga birni. Muka hau keken nan mai ƙafa uku da Sakkwatawa ke kira agwagwa da buje, muka nufi Ƙofar Kware, gidan wani malami ɗan uwan matata, inda Lawali ke kwana a zaure. Lungunan unguwar nan in akuya biyu suka haɗu sai ɗaya ta yi haƙuri. Malam ya tarbe mu da gaisuwa irin ta mutanen birni, wadda ake fara ta daga lafiyarka a ƙare a lafiyar kajin maƙwabcinka. Aka kawo fura mai kauri. Ina zaune a bakin tabarma, ƙafata ɗaya na cikin takalmi.

"Yaron kirki ne," in ji Malam, "ba shi fashin jam'i. Amma da an sallame sai ya fita da gudu kamar an biyo shi. Na leƙa sau uku ban ga mai binsa ba."

Ya ce mu duba Ƙofar Rini, wajen masu shinkafa. Can muka tarar da motoci na sauke kaya, 'yan kasuwa na ciniki da carbi a hannu. Ina faɗin samari biyar sai wani ɗan dako ya ajiye gammonsa ya ce, "Kai ne ubansu? Don Allah ka kwashe su." Ashe kullum da safe sukan zo su ɗauki buhu a kafaɗa, su hau mota su sauko, su hau su sauko, kuma ba su karɓar ko sisi. Masu kaya na murna, 'yan dako na Allah ya isa. Ya ce samarin sun gama sun wuce unguwar Mabera. Na sayi hoce, wainar dawar nan, mai zafi a wajen wata tsohuwa muka ci muna tafiya. A nan abokin tafiyata ya ce shi ido ya kawo birni, ba ƙafa ba. Na raka shi ƙofar likitansa na bar shi a layi.

Mabera ta girma ta wuce sanina. Shaguna, makarantu, 'yan kabu-kabu kamar ƙudan zuma, kowane layi kama da ɗan uwansa. Sau biyu ina dawowa gaban mai gyaran fanka guda, har ya fara gaishe ni da sabo. Nishi ne ya kai ni gidan horon. Na ji ana ƙirga ɗaya, biyu, uku a bayan wata katanga, ana amsawa da kukan wahala, na tura ƙofa.

Jama'a, na ga abu. Fili ne na siminti, ko ɗigon ruwa babu sai na randa. Wani saurayi ya kama ƙarfe yana ɗaga kansa sama yana saukowa. Wani na tsalle a kan wani gado mai roba yana juyi a iska. Biyu sun tsuguna suna tafiya a tsugune daga bango zuwa bango. Jikana kuwa yana tsaye a kan katako, katakon a kan guntun bututu mai gangarawa, ya riƙe igiyar da aka ɗaure a ginshiƙi da robar taya, yana ja da baya yana zufa cikin wannan sanyi. Mai horon wani dogo ne da usur a wuya, tsohon malamin wasanni.

Lawali ya gan ni, katakon ya zame, ya zauna daɓas.

"Tsoho! Mi yak kawo ka? Ko matata ce ta aiko ka?" Kakarsa yake nufi, wadda tun yana goye yake takarar ta da ni.

Na ce, "Matarka ta ce ta sake ka, ba ta auren mai tuƙa ginshiƙi. Ɗauko jakarka, iri ya isa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce in ya koma gida yanzu, wata uku ke nan yana bin tiyo a fadama, ranar gwaji hannunsa ba zai riƙe igiya ba, sauran huɗun za su wuce shi. Na ce ruwa a ruwa ake koyonsa, ban taɓa jin wanda ya iya shi a tsakar gida ba. Don in rufe bakin kowa na tuɓe takalmi, na naɗe babbar riga, na hau katakon. Ina sanar da ku cikin tawali'u cewa ban faɗi ba. Ƙafar da ta yi shekara hamsin a kwalekwale ba bututu ne zai ruɗe ta ba. Samari suka yi ta sowa, ni kuma na gyara hula da hannu ɗaya don su ƙara gani.

Sai mai horon ya ce, "Baba, ga igiya. Ka ɗan rage tsawo, ka ja, ka riƙe har in busa."

Na karɓa ina murmushi. Wannan hannu ya ja taru cike da kifi, ya tuƙa jirgi gaba da igiyar ruwa tun kafin a haifi uban mai usur. Na ja. Robar ta ja ni. Ban kai ga ƙirga ashirin ba cinyoyina suka kama rawa, yatsuna suka buɗe da kansu ɗaya bayan ɗaya, ina kallonsu ina ba su umarni ba su ji. Igiyar ta tafi ta daki ginshiƙi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Na zauna a kan benci ina duba tafin hannuna. Shekara uku kacal da na ajiye filafilin tuƙa kwalekwale. Kantar da na ɗauka tawa ce har kabari ta tafi ban sani ba, hannun ya yi laushi kamar na mai sayar da turare. Na tuna yadda ko da ƙuruciya, in muka yi wata biyu ba mu shiga ruwa ba saboda sanyi, makon farko na komawa hannu kan fashe, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Mu muna da shekara guda mu warware. Shi Lawali rana ɗaya aka ba shi.

To amma albasa fa? Ina wannan tunani idona ya sake faɗawa kan biyun nan masu tafiya a tsugune. Na kira mai horon na ce, "Malam, wanga tsuguno da kake zubarwa bisa siminti, mi yake haifarwa?" Ya ce ƙarfin cinya. Na ce a gonata ana yin irinsa tun safe har la'asar, kuma kowane taku ana barin albasa a baya. Na ce ya ba ni aron samarinsa kwana biyu, gayya, abinci nawa, kifi sai sun ture. Ya murza usur a hannu. Ya tambayi girman gonar, ya tambayi ko ƙasar na da laka. Na ce har idon sawu. Ya ce laka ta fi siminti, amma da sharaɗi: rana ta uku da safe su biyar ɗin su dawo masa, har da Lawali. Na ba shi hannu, wannan hannun da ya gama ba ni kunya.

Washegari muka juyo. Maƙwabcina ya samu tabarau, yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar shi ya rubuta su. Samari biyar a bayan mota sun cinye rake ɗauri guda kafin Achida. Ni kuwa lissafina ɗaya, yadda zan gaya wa 'yata rana ta uku. Da ta ga ɗanta ya sauko da ƙarti huɗu, ta yi guɗa, ta ce ashe Baba har yanzu ana jin maganarka. Na karɓi yabon ban tayar da zancen sharaɗin ba. Ku yi mini shaida, ban yi ƙarya ba, jinkirta gaskiya na yi.

Kwana biyu suka dashe gonar tas. Na ga abin da horon ya yi musu, don yaran garinmu kan miƙe su dafe ƙugu bayan kowane fangali, waɗannan kuwa sai sun kai ƙarshen layi. Da yammacin rana ta biyu dai har su sun koma tafiya kamar masu sabuwar kaciya, mafi tsawo a cikinsu ya ce gara usur.

Rana ta uku da safe Lawali ya fito da jaka. Uwarsa ta dube shi, ta dube ni.

"Baba, dashe aka yi. Ban ruwan wata uku fa, wa za ya yi shi?"

Na ce, "Ni."

Ta ce da wane hannun. Na ce da wannan, shi ma horo yake buƙata. Ba ta yi dariya ba, kuma yau kwana shida ke nan tuwona na zuwa ba man shanu. Amma da Lawali ya durƙusa yi mata sallama, ta sa masa ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka, ta ce in ya bari aka kayar da shi ranar gwaji kada ya biyo ta hanyar gidan nan.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na ɗauka abin da jiki ya iya ya zama nasa, ashe aro ne, in ka daina biya masa sai ya karɓe ba sallama. Ban sani ba ko za a ɗauki Lawali, su biyar ne kuma duka na ga cinyoyinsu. Ni dai yanzu kowace safiya ina fadama ina jan tiyo daga fangali zuwa fangali, sanyi na cin kunnena. Jiya na duba tafin hannuna na ga kanta ta fara fitowa a gindin yatsu biyu. Na kira mai takarar matata a waya na gaya masa ya ci gaba da jan ginshiƙinsa, in zafi ya dawo ni da shi ne a kan igiyar nan, kuma wannan karon sai an busa usur zan saki.