Gwaggo Safara'u da Rudun Gidan Magaji

Gwaggo Safara'u ungozoma ce a Mungadi, kuma rabin mutanen garin da ba su kai shekara arba'in ba a hannunta suka faɗo duniya. Wurin kakarta ta koyi aikin tun tana amarya, tana riƙe mata ƙwarya da reza. Ita kanta ta haifi tara, ta binne huɗu, biyu daga ciki ko kukan farko ba su yi ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da ta mallaka ɗaki ɗaya ne, da awaki uku, da baki wanda har mai gari ke shakka.

Wata shekara ma'aikatan lafiya suka tara ungozomomi a Maiyama kwana biyar. Aka nuna musu hotuna, aka ce in sun ga jini kafin naƙuda, ko ƙafa ta kumbura, ko ɗa ya kwanta a gicciye, kada su taɓa, su tura asibiti. Gwaggo ta yarda da wannan, don ta sha ganin abin da ke biyo baya. Amma ta ɗaga hannu ta tambayi malamar da ke koya musu, "In na tura, wa ka biya?" Malamar ta ce wannan ba ya cikin darasin ranar.

Tun daga nan matan garin suka rabu mata gida biyu. Matan dillalan albasa da na ma'aikata tun wata uku ake kai su awo Jega ko Birnin Kebbi cikin mota, ranar haihuwa gado na jiransu, Gwaggo sai dai ta je barka. Sauran kuwa ba a aiko mata sai naƙuda ta wuni, a ce ta zo ta yi abin da za ta iya. Takan yi, tana faɗa tun daga ƙofar gida.

Murja matar Ɗahiru tana cikin kashi na biyu. 'Ya'yanta mata biyu Gwaggo ce ta karɓe su lafiya lau. A ciki na uku, cikin watan takwas, da damina, Gwaggo ta shafa cikin ta ji kan ɗan a gefe, ba a ƙasa ba. Ta matsa wa Ɗahiru har ya kai Murja hoto a Jega. Likita ya ce abin da hannun Gwaggo ya riga ya faɗa: ɗan a gicciye yake, sai an yi aiki, a kawo ta kafin naƙuda ta fara, da kuɗin aikin da mutum biyu masu ba da jini.

Gidan su Ɗahiru ba za a ce musu matalauta ƙwarai ba. Suna da albasa cike da rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace a ajiye albasa har farashi ya tashi. Sai dai albasar ta gandu ce, ta 'yan'uwa huɗu, kuma tun zamanin mahaifinsu babu mai kwance igiyar rudu sai babban wa. Babban wan shi ne Magaji. Gwaggo ta same shi a ƙofar gida yana gyaran buhuna, Ɗahiru na tsugune gefensa. Ta ce a sayar da albasa a kai Murja asibiti.

"Gwaggo, sati shida kawai," in ji Magaji. "Wanda duk ya kai albasa Aliero yanzu, kyauta ya kai ta."

"Sati uku ya rage mata, in ma ta kai. Taso, ga cikin can, ka duƙa ka hwaɗa ma ɗan shi jira ka sati shida."

"Haba Gwaggo. Ba ke kinka juya na matar Abdu ba, ta haihu a ɗakinta?"

"Biyu na juya shekarar nan. Na matar Abdu ya juyu. Ɗayar, kai ka ɗauki gawarta, ko ka mance?"

Magaji ya ce Allah ya jiƙanta, ya ce kuma lafiya da ajali duk a hannun Allah suke. Gwaggo ta ce farashin albasa ma a hannunsa yake, amma ba ta ga Magaji ya bar albasar ruwa na duka ba. Ta juya wurin Ɗahiru. "Kai kuma matar wa muke magana?" Ɗahiru ya ci gaba da zanen ƙasa da tsinke. Ƙane ba ya ƙetare maganar wansa a bainar jama'a, kuma Gwaggo ta san haka, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

Bayan kwana goma Magaji ya raka motar kaya zuwa kudu. Kwana biyu da tafiyarsa, ranar Talata da hantsi, faya ta fashe wa Murja. Gwaggo ta duba ta ga hannun jariri ya leƙo. Ta fito da sauri ta ce a nemo mota, a buɗe rudu.

Motar ta samu. Rudun ne ya gagara. Ɗahiru ya tsaya gabansa da waya a kunne, yana kiran Magaji, wayar ba ta shiga. Sauran ƙannen biyu suka tsaya bayansa. Aka kira direban motar da Magaji ya bi, wayarsa ma a kashe. Maza uku ƙarfafa, albasarsu, guminsu, igiya ɗaya a gabansu, suka ɓata kusan awa guda.

"Gwaggo, ban iya buɗewa ba da izinin Yaya ba."

"To kauce."

Ta ɗauki lauje a jikin danga ta yanke igiyar da kanta. Ba a taɓa ganin mace ta taɓa rudu a gidan ba. Ta ce in Magaji ya dawo a ce masa Safara'u ce, ya kai ta ƙara inda ya ga dama. Daga nan hannun kowa ya saku, suka hau cika buhuna. Amma albasa ba kuɗi ba ce sai ta je Aliero, don haka aka rabu: Ɗahiru ya bi kaya kasuwa, Gwaggo ta ɗauki Murja zuwa wani asibiti a Jega.

Sha biyu saura kwata suka isa. Aka kwantar da Murja a baranda aka sa mata ruwa, aka miƙo wa Gwaggo takardar biya. Ta ce kuɗi na hanya. Wata malamar jinya ta ce a jira su iso.

"Ɗiyata, dubi hannun yaron nan. Ku yi aikin, ni ku riƙe ni nan har a biya."

"Mama, ba mugunta ba ce," in ji malamar, da muryar wadda ta gaji da maimaita magana. "Zaren ɗinki, allurar barci, man janareta, duk da kuɗin nan ake sayowa. Ba mu da ko ɗaya a ajiye."

Wajen ƙarfe ɗaya wata mota ta tsaya, aka fito da wata yarinya mai naƙuda, mijinta na biye. Aka ba shi irin takardar da ke hannun Gwaggo. Ya danna waya sau uku, ya nuna wa mai karɓar kuɗi. Cikin minti ashirin an tura ta ɗakin aiki. Gwaggo ba ta yi mata baƙin ciki ba, har addu'a ta bi ta da ita, don ita ma ɗiyar wasu ce. Sai dai ta ƙirga minti ashirin ɗin, tana riƙe da hannun Murja wadda ta bar nishi ta koma kiran sunan Allah a hankali.

A Aliero kuwa dillali ya ga gaggawa a fuskar Ɗahiru ya karya farashi, sannan ya ce a zazzage a tsince ruɓaɓɓu buhu bayan buhu. Sai bayan la'asar Ɗahiru ya iso, jikinsa na warin albasa. Aka ɗebi jininsa da na direban motar hayar da ta kawo Murja, wanda ya miƙa hannu ba tare da an roƙe shi ba. Ƙarfe biyar aka shiga da Murja.

Likita ya fito gab da magariba. Ya ce mahaifa ta tsage, sun cire ta, Murja za ta rayu amma ba za ta sake haihuwa ba. Jaririn namiji ne, ya kai awa biyu da rasuwa kafin a buɗe. Wata malamar da ta karɓi aikin yamma, ba ta san komai na wunin ba, ta dubi Gwaggo ta ce, "Ku ungozomomi haka kuke, sai kun gama jagwalgwala mace a gida sannan ku kawo ta."

Gwaggo ta buɗe baki. Duk wanda ya san ta zai ce asibitin zai ji muryarta har titi. Amma ta dubi Ɗahiru zaune a ƙasa da kai tsakanin gwiwoyi, ta ce kawai, "Tun kafin azahar muke nan. Duba takardarku."

Ta karɓi jaririn ta naɗe shi da mayafinta, ta miƙa wa ubansa ya kai gida a yi masa sutura. Ita ta zauna bakin gadon. Da Murja ta farfaɗo, ta lalubi cikinta, ta juyo da ido tana neman Gwaggo.

"Gwaggo, ina shi?"

"Namiji ne, ɗiyata. Kyakkyawa, mai gashi. Ya koma." Ta gyara mata filo. "Kar ki motsa, ɗinkin sabo ne."