Hoto Ɗaya Ya Cinye Filin Ƙwallo

Wata rana motar da zan hau ta ƙi cika, na zauna a kan benci a tasha ina ta zuba tsaki.

Sai ga wata ƙwallon roba ta suɓuce daga kayan wani ɗan tireda, ta gangaro.

Wani ɗan kamasho ya tare ta. Ƙafarsa ta hagu a karkace take kamar cokalin da aka taka. Da ta dama ya ɗaga ƙwallon, ya sauke ta a ƙirji, ya mayar wa mai ita ba ta taɓa ƙasa ba.

Na ce masa wallahi wannan ƙafar ba ta kamasho ba ce.

Ya dube ni ya ce inda na zauna ɗin nan, nan ne ragar gabas. Tashar nan gaba ɗaya filin ƙwallo ce a da, kuma shi ya kashe filin da hannunsa.

Na gyara zama.

Sunansa Sallau. Shekara goma sha ɗaya yana kocin Taurarin Bakin Kasuwa, ba albashi, ba ko sisi. A filin nan kuma akwai wata ƙungiyar, Zakunan Gangare, kocinsu Barau.

Tun zamanin iyayensu aka raba: Taurari da safe, Zakuna da yamma. Kowa da turakun ragarsa na ƙarfe. In ka gama wasa ka tuge naka ka tafi da su gida, mai zuwa ya kafa nasa.

Ba a shiri, amma ba a faɗa.

Sai ƙaramar hukuma ta fito da tallafi ga ƙungiyoyin wasanni na unguwanni. Riguna, ƙwallaye, famfo, da babban abin: za a zagaye filin da katanga, a rubuta shi filin wasa har abada. Dama an daɗe ana zawarcin filin nan a mai da shi tasha, kowa ya sani. Katangar ce kaɗai za ta cece shi.

Babu wanda ya je sakatariya ya karɓi takardar. Wani ne ya ɗauki hotonta a waya ya tura, aka yi ta turawa.

A jiki an rubuta: fili ɗaya, tallafi ɗaya. A kawo hoton 'yan wasa a gaban ragarsu kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis.

Fili ɗaya, tallafi ɗaya.

Sallau ya karanta, Barau ya karanta, kowa ya ce a ransa to ko ni ko shi.

Ranar Alhamis rigunan da Taurari suka aro ba su iso ba sai bayan azahar. Lokacinsu ya wuce. Suna isowa fili suka tarar Zakuna sun kafa turakunsu, sun jeru, mai hoto yana gyara su.

Sallau ya ce a ba shi minti goma. Barau ya ce yamma tasu ce tun kafin a haife shi, in yana so ya dawo gobe da safe.

Gobe kuwa an rufe karɓa.

Sallau ya gaya mini bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Ya sharara wa Barau mari a gaban 'yan wasansa, ya juya ya ce wa nasa su tuge turakun.

Shi ke nan.

Turakun da aka yi shekaru ana harba ƙwallo a tsakaninsu suka koma makamai. Duwatsun da ake alamar layi da su suka fara yawo a sama. Mutanen unguwa suka fito, waɗanda ba su ma san me aka yi ba, wani da gora, wani da fasasshiyar kwalba, wani da icen girki.

Aka fasa wa golan Zakuna kai, ya faɗi, aka bi ta kansa.

Aka karya wa wani ɗan Taurari hannu a wuri biyu, yana ihu yana kiran babarsa.

Mai hoto ya ruga, aka cim masa, aka rotsa kyamarar a ƙasa.

Sallau ya kai wa Barau dutse a baki, haƙora uku suka zube. Barau ya tashi jini na bin gemunsa, ya ɗaga turken ƙarfe da hannu biyu ya sauke shi a kan ƙaurin Sallau.

Sau ɗaya bai ishe shi ba. Ya ƙara.

Sallau ya ce mini ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin.

Kafin 'yan sanda su zo, fararen rigunan aron nan sun rine. Ƙarfe huɗu ta buga, babu hoto ko ɗaya da ya isa sakatariya. Bidiyon faɗan ne ya isa, don akwai waɗanda aikinsu kenan, ana kashe mutum suna ɗauka. Allah wadai!

Kwana uku yana kwance a asibiti sai ga jami'ar wasanni ta ƙaramar hukuma, wata dattijuwa, Malama Ladidi. Ta yi masa sannu, ta zauna, ta zaro takardar daga jaka. Ta gaske, ba ta waya ba.

"Koci, wa ya karanta muku bayan takardar nan?"

"Hajiya, tana da baya ne?"

Ta juya masa ita.

A bayan an rubuta cewa idan ƙungiya biyu suna amfani da fili ɗaya, su tsaya a hoto ɗaya, su sa hannu tare. Kowacce za ta samu kayanta, kuma irin filinsu za a fara yi wa katanga.

Hoto ɗaya, jama'a.

Mai hoton yana nan. Ƙungiyoyin biyu suna nan, kowa sanye da rigarsa. Raga a kafe. Abin da ya rage kawai wannan ya matsa wa wancan su jeru.

Ya ce ya juya fuskarsa bango ya yi kukan da bai yi ba lokacin da ake jan ƙafar.

Majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta ce filin ya zama matattarar faɗa. Aka rufe shi. Bayan wata shida aka zuba tsakuwa, motoci suka shigo.

Ni dai raina ya ɓaci, kamar da ni aka yi. Na tambaye shi ina Barau yake yanzu.

Ya duba agogonsa, ƙarfe biyu saura kaɗan. Ya ajiye allon sunayen garuruwa a kan motarmu, ya ɗauki sandarsa.

Wani dogo mai wawulo ya shigo ta ƙofar tasha, ya ɗauki allon, ya fara kiran fasinja. Ba su kalli juna ba.

Sallau ya ce mini wannan shi ne Barau. Ya yi shekara biyu a gidan yari, ya fito babu aiki, shugaban tasha ya ɗauke su su biyun, da sharaɗin kada a haɗa su.

Har yau shi da safe, Barau da yamma.

Barau ne ya cika mana motar. Muka fita ta inda ragar yamma take a da.

Darasi: Kafin ka ɗaga hannu a kan ɗan'uwanka saboda wani rabo, tashi ka je ka ga takardar da idonka, ka juya bayanta. Abin da aka turo maka a waya rabi ne. Kuma sau da yawa wanda kake ganin zai ƙwace maka, da shi aka rubuta za a ba ka.

Idan akwai ƙungiya a unguwarku, ta ƙwallo ce ko ta dambe ko ta mata, tura wa shugabanninta wannan. Tura wa duka ɓangarorin biyu, ba naku kaɗai ba.