Takardar Ladi Mai Fura

Junaidu ya shekara goma sha tara a kan teburi guda, a wani ƙaramin asibitin fata na kuɗi da ke Birnin Konni. Ni mai wankin ciwo ce a wurin, ƙofata tana kallon tasa, don haka na san shi kamar yunwar cikina. Mutumin Tsarnawa ne, mai ƙarancin magana, kullum da tabarau ɗaure da zare. Aikinsa shi ne ya bai wa kowace cuta lambarta, ya haɗa faktir, wato takardar biyan kuɗi, domin masu inshora ba sa biyan ko dala sai sun ga lamba. Makero da ƙazuwa da kyasbi duk yana da lambobinsu a ka, amma ka tambaye shi lambar wayar matarsa sai ya yi ta lalube a aljihu.

Yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya koya masa. A rajista yakan rubuta cutar da sunanta da lambarta. A takardar da majiyyaci zai tafi da ita gida kuwa, in cutar ta abin kunya ce, sai ya rubuta "ciwon fata" kawai. Dalilinsa a fili yake. A nan mutum ba ya zuwa asibiti da kuɗinsa shi kaɗai. Dangi ne ke yin karo-karo, in ya koma kuma dole takardar ta zaga hannun duk wanda ya sa ko jaka guda, don a ga inda kuɗi suka shiga. Kafin la'asar rabin gari ya karanta.

Bara likitanmu ya kawo wata manhaja mai basirar na'ura daga Yamai. Tana karanta abin da ya rubuta, ta zaɓi lamba, ta fitar da faktir kafin ka kurɓi ruwa. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya aiki. Takardun da inshora ke dawo mana da su suka ragu sosai. Aikin Junaidu ya koma dubawa da buga hatimi. Wata uku yana bin kowace takarda layi-layi yana neman kuskure, bai samu ba. Na ga ranar da ya gaji da neman. Daga nan sai dai ka ji ƙarar hatimi, tim, tim, idonsa na kan taga.

A cikin wannan hali Ladi ta zo. Mai fura ce a tashar Malbaza, mijinta ya rasu, da ƙwaryar nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Wani farin tabo ne a damtsenta da ba ya jin tsini. Aka gwada, aka ga kuturta ce, amma farkonta. Likita ya kwantar mata da hankali, ya ce maganin kyauta ne, wata shida za ta sha, kuma da ta fara sha ba za ta sa wa kowa ba. Kuɗin gwaji kawai za ta biya. Na'ura ta fitar da takarda da sunan cutar ɓaro-ɓaro da Faransanci, Junaidu ya buga hatimi bai duba ba. Ladi ba ta karatu. Ta ninke ta, ta ɗaure a bakin zane, ta kai wa danginta a Dogarawa kamar yadda aka saba.

Da na ga kwafin takardar daga baya na ji haushin Junaidu, kuma na faɗa masa. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Na'ura ba ta yi ƙarya ba, Muhsina. Ni na ban duba ba."

Bayan wata guda Ladi ta dawo karɓar magani, da ƙwaryarta a ka, cike. Ta rame. Ta ce labari ya riga ta isa tasha, direbobin da suka shekara goma suna shan furarta yanzu daga nesa suke ɗaga mata hannu. Junaidu ya rubuta mata shaida da hannunsa cewa ba ta sa wa kowa cuta, likita ya sa hannu. Ta karɓa ta yi godiya.

"Malam, wa za ya karanta wagga?" in ji ta. "Masu karatun ba su matsowa kusa da ni yanzu."

Sai ta sauke ƙwaryar, ta dama fura a kwano, ta miƙa masa. "Sha, malam, ba saidawa nikai ba. Tsami za ta yi."

Junaidu ya san cutar nan fiye da ni. Shi da kansa ya gama rubuta cewa ba komai. Ina tsaye na ga hannunsa ya taso daga kan teburi, ya tsaya, ya koma.

"Azumi nikai, inna," ya ce.

Ladi ta dube shi, ta juye furar cikin ƙwarya, ta rufe da faifai.

"Allah shi amsa," ta ce. "Kai na na biyar tun sahe. Yau duk Konni azumi akai."