Yadda Aka Yi wa Taubashina Hayaƙin Ciwona

Shekarar da wannan abu ya faru ina aji biyu a jami'a, ina karatun aikin gona, kuma ni ne mutum na farko a gidanmu da ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare. Ƙauyenmu yana karkarar Bazaga, ba zan faɗi sunansa ba, don ko a haka ma waɗanda suka sani za su gane. Tun ranar da sakamako ya fito mutanen gari suka ajiye sunana suka koma kirana injiniya. In na zo hutu tsofaffi kan tare ni da ganyen waken da tsutsa ta ci, su ce in faɗa musu magani, alhali ni a lokacin ban wuce zanen saiwa a takarda ba. Ina da girman kai, ban ɓoye muku ba, ina kuma da baki, duk inda aka zauna ni ne mai ba da dariya. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun farkon wannan shekarar wani abu ya shiga ƙirjina. Da an ce jarrabawa ta kusa sai zuciyata ta kama bugawa, tafin hannuna ya jiƙe, numfashi ya ƙi sauka. Abinci ya fita raina, barci ya ƙaura. Akwai ranar da na zauna awa biyu a ɗakin jarrabawa, na miƙa takarda ba komai a kanta sai sunana, na fito ina gaya wa abokai wai tambayoyin sun yi mini sauƙi da yawa.

Ɗaki ɗaya muke kwana da ɗan kawuna, wato taubashina, wanda ke karatun shari'a. Tun muna yara muke wasan taubasai, ba abin da ba ma faɗa wa juna, har yau ba mu gama gardamar wane ne ubangidan wani ba. Shi mutum ne mai lafiya kamar doki, ya ci ya ƙoshi ya yi minshari. Aibinsa ɗaya, ba ya iya karatu a zaune. Sai ya fita bayan ɗakuna yana kai da kawo, yana maimaita dokoki da Faransanci da ƙarfi, yana nuna itatuwa da yatsa kamar su ne masu laifin. A lokacin an riga an kai masa gaisuwar wata yarinya a Malbaza, ana jiran ya gama shekarar a sa rana.

Wani malaminmu ne ya lura da ni. Ya kira ni gefe ya ce akwai wani buro, wato ofis, bayan ɗakin karatu inda wata Madam ke zama, aikinta sauraron ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa, kuma abin da aka faɗa a ciki ba ya fita. Na ce masa ai ni lafiyata lau, ya ce to, ya dai faɗa. Sai da na yi sati biyu ina zagaya wurin kafin na shiga, domin a wajenmu duk wanda aka ga ya je wurin likitan tunani sunansa mahaukaci, ko da gaisuwa ta kai shi. Madam ba ta yi mini allura ba, ba ta ɗaure ni ba. Ta ba ni kujera ta bar ni na yi ta zuba, har na tsinci kaina ina kuka a gaban macen da ban taɓa gani ba. Ta ce abin da ke damuna yana da suna, ɗalibai da yawa na fama da shi, kuma ana samun sauƙi. Ta koya mini yadda zan ja numfashi a hankali in abin ya taso, ta rubuta sunana a wata ƴar takarda tare da ranar da zan komo. Na naɗe takardar na cusa ta bayan katin ɗan ƙasa, duk zuwa kuma sai ta sabunta ranar a kanta.

Zuwana na uku ne ya ja mini. Ina fitowa daga ƙofar na yi ido huɗu da mai shayin da ke tsallaken hanya, mutumin ƙauyenmu, abokin Kawu tun suna samari. Shi ne ke karɓar mana saƙon garin gero da ƙuli-ƙuli daga direbobin Ƙonni, kuma ta hanyar direbobin nan yake mayar da labarinmu gida, ko aski muka canja sai an ji. Ya yafito ni ya tambayi abin da injiniya ke nema a ɗakin masu taɓin hankali. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce ai ba don kaina na je ba, taubashina na je nemar wa shawara, kwana biyun nan kansa ya ɗan sassauta. Na faɗa ne da dariya, a zatona zai ɗauke ta a wasan taubasai kamar yadda aka saba. Mutumin nan bai yi dariya ba. Ya ajiye butar shayi ya yi salati, ya ce wallahi da ma ya daɗe yana zargi, don da idonsa ya ga yaron yana yi wa itacen bedi faɗa.

Kwana huɗu tsakani sai ga Kawu a motar haya, ya ce Kaka ce ba lafiya, tana son ganin jikokinta. Muka shiga hankali tashe. Na fara shan jinin jikina ne da na ga an sa taubashina a tsakiya, tsakanin Kawu da wani ƙaton maƙwabcinmu, an kuma kulle ƙofofi. Muna isa muka tarar da Kaka a tsakar gida garau, tana hura garwashi a kasko. An rufe bakin rijiya da faranti an ɗora dutse, an kwashe wuƙaƙe da igiyoyin awaki an kai maƙwabta. Kafin bawan Allah ya gama gaisuwa an lulluɓe shi da bargo an tura masa hayaƙi. Ya fito yana tari yana tambayar me ya yi, mata suka fashe da kuka, wai ga shi bai ma san halin da yake ciki ba.

Abin da na gano a satin nan shi ne, da zarar an ce mutum ya taɓu, babu sauran abin da zai yi ya fita. In ya yi shiru a ce ciwon ya danne shi, in ya yi faɗa a ce ya tashi, in ya rantse lafiyarsa lau Kaka ta ce duk haka suke cewa. Aka yi masa aski ƙwal, aka shafe kan da man shanu, har ƙudaje suka san shi. Da ya ga jarrabawa na matsowa sai ya koma halinsa, yana zagaya ɗakin Kaka yana maimaita dokoki. Nan take aka yanke hukunci cewa aljanin nasara ne, irin waɗanda suka rage tun zamanin mulkin Faransa, shi ya sa ba ya jin hayaƙin gida. Ni kuwa, mai ciwon na gaskiya, aka naɗa ni mai jinya, tunda ni na fara ganowa. Ni ke miƙa masa rubutu, ni ke riƙe bakin bargo. Inna tana ta sa mini albarka, tana cewa dubi yadda na rame saboda tausayin ɗan'uwana.

Limamin garinmu kaɗai ne bai ruɗu ba. Ya zo ya zauna da shi, suka yi hira mai tsawo, ya fito ya ce wa Kawu shi bai ga komai tare da yaron nan ba sai fushi, kuma fushin yana da dalili. Da zai fita ya tsaya ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, ya tambaye ni ko ina samun barci. Na ce sosai ma. Kawu ya ce Liman ya tsufa, ya aika a nemo wani mai magani daga wajen Illela.

Taubashina ba wawa ba ne. A kwana na uku ya haɗa zancen, ya tuna yadda nake juye-juye a ɗaki da yadda na daina cin abinci. Ya nuna ni a gaban kowa ya ce ga mai ciwon nan, shi ya kamata a lulluɓe. Gida ya kwashe da dariya, har da masu kuka. Kaka ta ce alhamdulillahi sauƙi ya fara samuwa, tunda har ya gane taubashinsa yana tsokanarsa. Na taya su dariyar, Allah ya yafe mini. Da muka keɓe bai zage ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Cewa ya yi in ba ni da lafiya me ya hana in gaya masa, ga shi gado da gado muke kwana. Na ce ya ƙara mini kwana biyu in nemo dabara. Ba wata dabara da nake nema, tsoro ne kawai, ina ganin in aka cire mini injiniya ba abin da zai rage.

Labari kuwa ya riga ya hau kabu-kabu ya isa Malbaza. Ranar Laraba da hantsi sai ga baffan yarinyar da wasu dattawa biyu, da ƙunshin kayan gaisuwar da aka kai musu, an ɗaure shi yadda aka kai. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Baffan ya yi magana a hankali, ya ce ba su zo da wulaƙanci ba, lalura ta Allah ce, amma ba za su iya ba da ɗiyarsu ga wanda aka ce yana shari'a da itatuwa ba. Kawu ya sa aka kira ni in ba da shaida, tunda ni na san farkon abin. Ina shiga na hango taubashina ta ƙofar cikin gida, kai na ƙyalli, ya zuba wa ƙunshin nan ido. Tun da nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Na buɗe baki na ce ƙarya na yi, ni ne mai zuwa buron, shi lafiyarsa lau. Dattawan suka yi murmushi, ɗaya ya ce kai, yaron ga akwai zumunci, zai ɗauki hauka ya aza wa kansa don auren ɗan'uwansa. Na rantse, suka ƙara yaba mini. A nan ne abin ya taso mini gadan-gadan, a gaban mutanen da na fi jin tsoron su gani. Ƙirjina ya kama duka, gumi ya karyo, na zube a bakin tabarma ina neman iska. Ina jin Kaka daga ciki tana cewa aljanin ya yi tsalle ya canja gida, a kawo bargo. Da ƙyar na tuna abin da Madam ta koya mini, na yi ta jan numfashi ina saki har idona ya washe. Sannan na zaro ƴar takardar nan na miƙa. Baffan yarinyar ya yi lakwal, wato boko, ya sa tabarau ya karanta a fili, sunana da na mahaifina, da ranar da ya kamata in koma, wadda ta wuce da kwana biyu.

Kawu ya dube ni ya dubi ɗansa, ya ce wato mako guda ke nan yana ƙona habbatus sauda a kan lafiyayye. Wanda ya riƙe ni ya tashe ni zaune, yana yi mini fifita da hularsa, shi ne mutumin da na sa aka aske. Baffan ya tura ƙunshin gaban Kawu, sannan ya sake jawo shi wajensa, ya ce da shi za su koma, magana tana nan yadda take. Da na raka su bakin hanya ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce yana da ɗa da ya dawo daga makaranta bara, ba ya magana, ba ya fita, sun yi ta ɓoye shi a ɗaki don kada a ji. Ya tambaye ni a wace ƙofa buron yake, kuma ko Madam ɗin tana karɓar wanda ba ɗalibinsu ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita ba injiniya ta haifa ba, ɗa ta haifa, kuma da na faɗa mata tun farko da ta san irin addu'ar da za ta yi. Na koma wurin Madam ta ƙofar gaba, na ma tsaya na sha shayi a tsallaken hanya kafin in shiga. Na ɗauki watanni ina zuwa, na maimaita wasu darussa, na gama karatuna. An yi auren bayan damina. Har yau in muka haɗu a taro taubashina sai ya cire hula ya nuna wa mutane kansa, ya ce ga gonar farko da injiniya ya share.

Na rubuto muku ne don ɗaliban da ke zagaya irin wannan ƙofa suna duba ko akwai ɗan garinsu a kusa. Ku shiga. Damuwa ciwo ce kamar sauran ciwo, tana da masu sanin kanta, kuma addu'a ba ta hana a je wurinsu. Iyaye kuma, in yaro ya dawo hutu ya rame yana ta ba ku dariya, ku tambaye shi ko yana barci kafin ku tambaye shi sakamako. Ni ciwona bai taɓa cutar da kowa ba sai ni kaɗai. Ɓoye shi da na yi ne ya kusa raba ɗan'uwana da matar da a yau ta haifa masa ƴaƴa biyu, kuma duk lokacin da na ɗauki ɗaya daga cikinsu sai na tuna ƙunshin nan a kan tabarma.